Kafin Ki Ce "Yarinyar Nan Ce Ta Ɗauka"

 

Yau za mu zauna a kan labaran bincike, wato irin labarin da za a yi sata ko kisa, a rasa wanda ya yi, sai wani mai basira ya zo ya bi sawu har ya gano bakin zaren. Abu biyu ne suka sa na ɗauko su yanzu. Ranar 12 ga Janairun 2026 Agatha Christie, marubuciyar Ingila da ake yi wa kirari da sarauniyar irin waɗannan labarai, ta cika shekara 50 da rasuwa, amma har gobe ana sake buga littattafanta, ana kuma mayar da su fim. Sannan a watan Disambar 2025 Netflix ta saki Wake Up Dead Man, fim na uku a jerin Knives Out, wanda aka gina shi a kan salon da ita Christie ta shahara da shi.

Na san da yawa daga cikinmu da an ce labarin bincike sai su ce, "A'a, ni ba na son abin jini." Suna da gaskiyarsu, domin akwai waɗanda ba komai a cikinsu sai gawa da tashin hankali. To amma nagarin cikinsu a kan tambaya ɗaya suke tafiya: ta yaya kika sani? Wannan tambaya kuwa mu matan gida mun fi ɗan sanda bukatarta. Ranar da ɗan kunnen gwal ya ɓata, ko aka nemi canjin cefane a kan firji aka rasa, uwargida ce mai bincike, ita ce mai gabatar da ƙara, ita ce kuma alƙali. Sau da yawa kafin a ɗaga katifa ma ido ya riga ya sauka a kan wanda ba shi da mai tsaya masa: 'yar aiki, almajirin gida, ɗan riƙo, ko yaron da ya taɓa yin laifi sau ɗaya.

Ga wasu labarai da suka taɓo wannan ciwo, tare da ra'ayina a kan wanda ya dace da ke da wanda ya dace da yara.

Gladys da abin adon da ya ɓata

An haifi Agatha Christie a 1890 a garin Torquay na Ingila. Ta rubuta littattafan bincike 66, kuma aikin da ta yi a ɗakin haɗa magunguna na asibiti lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya shi ya sa ta san guba sosai, har ta riƙa amfani da ita a labaranta. Jarumanta biyu ne suka fi fice: Hercule Poirot, tsohon ɗan sandan Beljiyam mai ji da gashin bakinsa, da Miss Marple, wata tsohuwa da ba ta taɓa aure ba, mai zaune a ƙauyen St Mary Mead tana saƙa tana kula da furanninta.

Miss Marple ba ta da bindiga, ba ta da ofis, ba ta da ko takardar shaidar aiki. Abin da take da shi sanin halin mutane ne. Duk wanda ta gani sai ya tuna mata da wani a ƙauyensu, ko mai sayar da nama, ko yaron kanti, ko matar limamin coci, daga nan sai ta auna abin da zai iya aikatawa. 'Yan sanda suna yi mata kallon tsohuwa mai surutu, masu laifi ma haka, shi ya sa suke sakin baki a gabanta. Littattafanta 12 ne, na farko The Murder at the Vicarage ya fito a 1930, sai kuma gajerun labarai 20.

A cikin gajerun akwai The Case of the Perfect Maid, wanda ya fito a 1942. Wata yarinya 'yar ƙauyen mai suna Gladys tana aiki a gidan wasu mata biyu, ya da ƙanwa. Sai wani abin ado na maƙalawa a ƙirjin riga ya ɓata. Aka yi ta nema, aka yi ta jifan yarinyar da maganganu, daga baya aka tsince shi a cikin durowa. Bayan haka ta fasa faranti, sai aka ce ta nemi wani wurin. Ba wanda ya fito fili ya kira ta ɓarauniya, amma kowa a ƙauyen ya san me korar take nufi, kuma wa zai ɗauki yarinyar da aka sallama bayan ɓatan kaya?

Aka kawo sabuwar 'yar aiki, ga tsafta, ga ladabi, ga iya girki, ga ƙaramin albashi. Kowa ya yi ta yabo. Miss Marple kaɗai ta ce a ranta wannan kyau ya yi yawa. Ta kai ziyara gidan, ta yi kamar jakarta ta suɓuce, kayan ciki suka watse, sabuwar 'yar aikin ta tsince mata su, ciki har da wani ɗan madubi da alewa ta ɗanƙe a jikinsa. Da haka tsohuwa ta samu zanen yatsunta ba tare da kowa ya farga ba. Ba a daɗe ba aka wayi gari 'yar aikin ta ɓace, kayan adon maƙwabta ma sun ɓace.

Ba zan gaya muku yadda aka ƙulla abin ba, don kada na ɓata muku daɗin karatu. Abin da ya fi taɓa ni shi ne dalilin da ya sa Miss Marple ta shiga maganar tun farko. Lu'ulu'un masu kuɗi bai dame ta ba. Sunan Gladys take son wankewa, domin ta san 'yar talaka ba ta da wata kadara da ta wuce a ce mai amana ce.

Mai son kallo ta nemi shirin BBC na 1984 zuwa 1992, wanda Joan Hickson ta fito a matsayin Miss Marple, inda aka yi littattafan 12 gaba ɗaya. Na Poirot kuma wanda David Suchet ya yi a tashar ITV daga 1989 zuwa 2013, kashi 70. Dukansu suna tafiya a natse, kuma ba a cika nuna jini ba.

Uban da ya gani da idonsa

Wata za ta ce, "To ni ai da idona na gani." Ga labarin wani da shi ma da idonsa ya gani.

Arthur Conan Doyle ya fara fito da Sherlock Holmes a 1887, ya rubuta littattafai 4 da gajerun labarai 56 a kansa. A cikin The Beryl Coronet na 1892, wani ma'aikacin banki mai suna Alexander Holder ya ba wani babban mutum rancen fam 50,000, aka ba shi jinginar wani kambin sarauta mai duwatsu masu daraja 39. Tsoron barinsa a ofis ya sa ya tafi da shi gida. Ɗansa Arthur kuwa ɗan caca ne, kuma a daren nan ma sai da ya roƙi uban fam 200 aka hana shi.

Cikin dare Holder ya ji motsi. Yana fitowa ya tarar da ɗansa tsaye, ba takalmi a ƙafarsa, kambin a hannunsa ya lanƙwashe, duwatsu uku babu. Nan take ya kira shi ɓarawo, ya sa aka kira 'yan sanda. Yaron ya yi fushi, ya kama bakinsa, ya ƙi cewa komai. Wace uwa ce a cikinmu za ta ce uban bai da hujja? Ga hali, ga bukata, ga kaya a hannu. Biri ya yi kama da mutum.

Holmes ya zo ya yi abin da uban bai yi ba. Ya gwada ƙarfin kambin da hannunsa, ya nuna cewa da a cikin ɗakin aka karya shi, da ƙarar ta tashi kowa a gidan. Ya tambaya: in yaron ne ya sata, ina duwatsun, tunda an caje shi an caje gidan ba a gan su ba? Ya fita waje ya duba sawu a kan dusar ƙanƙara, ya ga sawun mai takalmi, ya ga kuma sawun mara takalmi yana bin sa da gudu. Ashe yaron ɓarawon ya bi, ya yi kokawa da shi ya ƙwato kambin, yana ƙoƙarin mayar da shi wurinsa uban ya fito. Shirun da ya yi kuma asirin wani na cikin gidan yake rufawa.

Bayan an dawo da duwatsun, Holmes ya shaida wa Holder cewa akwai sauran bashi a kansa, wato ya je ya ba ɗansa haƙuri. A nan ne labarin ya fi yi mana nauyi. Mu iyaye mun iya cewa "to shi ke nan, an gani," mu wuce kamar ba a yi komai ba. Yaron da aka kira ɓarawo a gaban ƙannensa kuwa ba ya mantawa, ko da ya yi furfura.

"Ai ta zama 'yar gida"

Knives Out na farko ya fito a 2019, Rian Johnson ne ya rubuta ya kuma ba da umarni. Wani attajirin marubuci mai suna Harlan Thrombey ya yi bikin cika shekara 85, da safe aka tarar da gawarsa. Daniel Craig ne ya fito a matsayin mai bincike Benoit Blanc, Ana de Armas kuma ta fito a matsayin Marta, nas ɗin da ke kula da tsohon, 'yar baƙin haure daga Kudancin Amurka.

'Ya'yan marigayin da jikokinsa kullum bakinsu shi ne Marta ta zama tamkar 'yar gida. Amma ki saurara da kyau in kina kallo: duk wanda ya tashi faɗin ƙasar da ta fito, wata ƙasa daban yake ambata. Wannan ya ce Ekwado, wancan ya ce Faragwai, wani ya ce Barazil. Shekaru tana ba ubansu magani, ba wanda ya taɓa zama ya tambaye ta. Ranar da aka karanta wasiyya aka ji abin da tsohon ya bar mata, a ranar 'yar gida ta koma maƙiyiya.

Fim ne mai ban dariya da wasa da hankali, amma akwai ashar jefi-jefi, don haka na manya ne da 'yan mata da samarin da suka mallaki hankalinsu. In kin gama kallo ki yi wa kanki tambaya ɗaya: yarinyar da ke wanke miki kwanuka, kin san sunan ƙauyensu? Kin san sunan mahaifiyarta? Wanda ba ki sani ba shi ya fi sauƙin zargi.

Idan zato ya fita titi

Zargin da ke ƙarewa da kora a cikin gida, in ya fita waje da rai yake ƙarewa. Ayyuka biyu na 'yan Najeriya sun nuna haka ƙarara.

Na farko fim ɗin October 1 na Kunle Afolayan, wanda ya fito a 2014. Marigayi Sadiq Daba, wanda iyayenmu suka sani da Bitrus a shirin Cock Crow at Dawn, shi ya fito a matsayin Sufeto Danladi Waziri, ɗan sanda ɗan Arewa da Turawan mulki suka tura wani gari mai suna Akote a ƙasar Yarabawa. Ana kashe 'yan mata a garin, kuma an ba shi wa'adi ya gano mai yi kafin ranar samun 'yancin kai, 1 ga Oktoban 1960. Da hankali ya tashi, sai aka cafke wani baƙo Bahaushe matafiyi, kuma kasancewarsa baƙo ya sa mutane suka yi saurin gaskata cewa shi ne. Kafin gaskiya ta fito an riga an yi aika-aika. Mai laifin na ainihi kuwa mutum ne da garin ke alfahari da shi. Fim ne mai kyau ƙwarai, amma akwai fyaɗe da cin zarafin yara a cikin labarin, saboda haka ki kalle shi bayan yara sun yi barci.

Na biyu littafin Lightseekers na Femi Kayode, wanda ya fito a 2021. Wani masanin halayyar ɗan Adam mai suna Philip Taiwo ne mahaifin wani ɗalibi ya ɗauka haya, ya binciko yadda taron jama'a suka kashe ɗansa da wasu ɗalibai biyu a wani gari kusa da Fatakwal bisa zargin sata. Labarin ƙirƙira ne, amma tushensa abin da ya faru ne a Aluu ta jihar Ribas a watan Oktoban 2012, inda aka kashe ɗaliban Jami'ar Fatakwal huɗu bayan an yi musu ihun ɓarayi. A nan kowa ya ga waɗanda suka yi kisan, domin an ɗauka a waya. Abin da Taiwo yake nema shi ne wanda ya fara kunna wutar, da abin da ya amfana da shi. Littafi ne mai nauyi, amma duk uwar da ke da ɗa a jami'a ko a kasuwa za ta karanta shi da faɗuwar gaba. Yaron da ya taso yana ganin ana yanke hukunci a tsakar gida ba tare da tambaya ba, shi ne gobe zai ji "ɓarawo!" a tasha ya duƙa ya ɗauki dutse.

Mari ba hujja ba ne

Masu kallon tashoshin Indiya sun san CID, shirin da tashar Sony ta fara a 1998, ya yi shekara 20 yana gudana, aka tsayar da shi a 2018, sannan ya dawo a ƙarshen 2024. Yara suna son sa, kuma yana koya musu cewa ana bin sawu ana gwaje-gwaje kafin a kama mutum. Sai dai akwai abin da nake so ki lura da shi. Sau da yawa a ƙarshen shiri Sufeto Daya zai ɓalle ƙofa, ya sharara wa wanda ake zargi mari, sai kawai a nuno shi yana kuka yana zayyana yadda ya yi. A fim marubuci ya riga ya tabbatar mai laifin ne ya sha marin. A gida ba ki da wannan tabbaci. Yaro in bulala ta ishe shi zai amsa satar da bai yi ba don a ƙyale shi, na ainihin kuma yana gefe yana kallo. Ki faɗa wa yaranki wannan a lokacin da kuke kallo tare.

Ki kwatanta da Columbo, shirin Amurka da Peter Falk ya yi kashi 69 tsakanin 1968 da 2003. A nan tun farkon shiri ake nuna miki wanda ya yi kisan, galibi attajiri ko mashahurin mutum. Daɗin kallon shi ne ganin yadda wannan ɗan sanda mai yamutsattsiyar riga da tsohuwar mota zai kamo shi. Ba ya ɗaukar bindiga, ba ya dukan kowa, ba ya ko ɗaga murya. Kullum hirar matarsa yake yi, wadda ba a taɓa nuna ta ba. Sai ya yi sallama ya kai bakin ƙofa, sannan ya juyo kamar ya tuna wani ɗan ƙaramin abu. Wannan ƙaramar tambayar ce take warware ƙaryar gaba ɗaya, domin ramin ƙarya ƙurarre ne. Duk uwar da ta taɓa tambayar yaro sau uku a natse, ta ji labarinsa yana canza kama, ta san wannan dabarar.

Bayan an gano gaskiya, sai me?

In ɗaya kawai za ki karanta a cikin duk waɗannan, to ki nemi The No. 1 Ladies' Detective Agency na Alexander McCall Smith, wanda ya fito a 1998. An haifi marubucin a Bulawayo ta Zimbabwe, ya kuma koyar da shari'a a Jami'ar Botswana. Jarumarsa Mma Precious Ramotswe mace ce mai jiki, wadda aurenta na fari ya mutu bayan ta sha wuya. Mahaifinta ya yi aikin haƙar ma'adinai a Afirka ta Kudu, ya rasu ya bar mata garken shanu. Ta sayar da su ta buɗe ofishin bincike a Gaborone, da 'yar farar motarta, da butar shayinta, da sakatariyarta Mma Makutsi mai alfahari da maki 97 cikin 100 da ta ci a makarantar koyon aikin ofis.

Matsalolin da ake kawo mata irin namu ne: miji ya ɓace, uba yana zargin 'yarsa tana da saurayi, ma'aikaci yana cutar maigidansa. Wata mata ta zo ta ce wani tsoho ya sauka a gidanta ya ce shi ne mahaifinta da ya tafi tun tana jaririya, yanzu ya zauna sai ci da aike. Ba ta son ta kori uba, ba ta kuma son a mayar da ita baiwa. Mma Ramotswe ta sa kayan nas, ta je a guje ta ce wa tsohon 'yarsa ta yi haɗari, ana bukatar jini mai yawa daga jikin mahaifinta, kuma mai bayarwa zai iya rasa ransa. Nan take bakinsa ya buɗe, ya ce shi fa ba ubanta ba ne. Ta ba shi 'yan mintuna ya tattara kayansa, ta kai shi inda zai hau mota.

Abin da ya bambanta ta shi ne ba ta ɗauki tonon asiri a matsayin nasara ba. In ta gano gaskiya, sai ta zauna ta auna wa za a gaya wa, da yadda za a gyara ba tare da an rusa gida ba. Mu ma haka ya kamata. Ko da ta tabbata yarinyar ce ta ɗauka, kiran ta ɗaki a yi magana daban yake da tara mata maƙwabta. Littattafan sun haura 20, an kuma yi fim ɗin talabijin a 2008 da ƙarin kashi 6 a 2009, inda mawaƙiyar Amurka Jill Scott ta fito a matsayin Mma Ramotswe. Turancin mai sauƙi ne. A littafin farko akwai labarin yaron da aka sace don tsafi, don haka ki fara karantawa kafin ki miƙa wa 'yarki.

Me za a ba yara, kuma yaya?

'Yan firamare za su ji daɗin littattafan Enid Blyton: Secret Seven, guda 15, da Famous Five, guda 21. Yara ne ke binciken, ba kisa, sai dai tsofaffin littattafai ne, kuma za ki ci karo da raina baƙi da raina 'ya mace nan da can, wanda ya kamata ki yi musu bayani. 'Yan sakandare kuma a fara musu da gajerun labaran Sherlock Holmes. Ana samun su kyauta a shafin Project Gutenberg, za ki iya saukewa a wayarki, sannan kamfanonin Oxford da Penguin suna da bugu mai sauƙaƙan Turanci don masu koyo.

In kuna kallo tare, ga wani wasa. Saura kamar minti goma a gama, ki tsayar da fim ɗin. Kowa ya faɗi wanda yake zargi, amma da sharaɗin sai ya amsa tambaya uku. Me muka gani da idonmu? Me aka gaya mana kawai, kuma wa ya faɗa? Wa zai amfana in aka kama wanda ake zargi? Wanda ya ce "fuskarsa ce ta yi kama da ta mugu" ya faɗi, ko da ya canka daidai. Za ki sha mamakin yadda yara ke kama wannan da wuri. Ki kuma shirya, domin ranar da kika ce "na san kai ne ka shanye madarar nan," akwai wanda zai ɗago kai ya ce, "Umma, me kika gani da idonki?" Kada ki yi fushi. Karatun ne ya shiga.

Kira ga marubutanmu

Akwai marubuta mata da yawa a cikin masu bibiyar wannan fili, masu sakin labari a WhatsApp da Wattpad. Ga shawara kyauta. Abin da ya ba Miss Marple ƙarfi shi ne tana shiga ko'ina ba wanda ke ɗaukar ta a bakin komai. Mu kuwa muna da irinta a kowace unguwa. Dillaliya tana shiga gida goma a yini, ta san wadda ta sayar da sarƙarta a ɓoye da wadda ta sayi sabuwa ba a san inda ta samu kuɗi ba. Mai kitso tana jin abin da ba a faɗa wa miji. Ungozoma ta san lissafin watanni. Alƙali ba ya shiga cikin ɗaki, ɗan sanda ma sai da sallama, amma su waɗannan har ƙuryar gado suke zama. Ku ba mu dillaliya mai bincike, a ce gwal ɗin lefe ya ɓata ana saura kwana uku ɗaurin aure, gida cike da dangin ango da na amarya, kowa kuma ya riga ya nuna 'yar riƙo da yatsa. Ku dai riƙe ƙa'idar Christie: a baje wa mai karatu duk alamomin a gabansa, kada a ƙarshe a kawo mai duba ko mafarki ya warware.

Ku kuma masu karatu, wanne kuka taɓa gani ko karantawa a cikin waɗannan, kuma a wane minti kuka gano mai laifin? Ina sauraronku, amma don Allah kada wadda ta riga ta gama ta tona wa sauran ƙarshen labari. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, a gaida yara.